Yadda Ake Haɗa HPLC da ICP-MS Don Rarrabe Nau'o'in Arsenik a Cikin Samfuri

Idan aka kawo maka ruwan rijiya, ko garin shinkafa, ko naman kifin teku, aka ce ka faɗi yawan arsenik ɗin da ke ciki, lamba ɗaya ba za ta wadatar ba. Arsenik iri-iri ne. Arsenait da arsenet, waɗanda ake rubutawa As(III) da As(V), su ne marasa kabon, kuma su ne masu gubar da ke jawo cutar daji idan aka daɗe ana sha. Arsenobetain kuwa, wanda ya fi yawa a naman kifin teku, jiki yana fitar da shi ta fitsari kusan yadda ya shiga. A tsakaninsu akwai MMA da DMA, masu ɗauke da rukunin metil ɗaya ko biyu. Jimilla kaɗai tana iya tsorata mutane a kan kifin da ba shi da laifi, tana kuma iya ɓoye haɗarin da ke cikin ruwan da ake sha kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar arsenik a ruwan sha mikrogiram 10 a lita tun 1993, dokokin shinkafa kuma a kan arsenik marar kabon suke magana, ba a kan jimilla ba. Don haka dole a raba nau'o'in kafin a auna su.

Rabawar aikin HPLC ne, wato na'urar da ke tura samfuri cikin ruwa ta wani bututu da ake kira kolom, inda kowane nau'i yake yin jinkiri gwargwadon yadda abin da ke cikin kolom ɗin ya riƙe shi. Matsalar tana wajen ganewa. Na'urar hasken UV da aka saba ɗaurawa a bayan kolom ba ta ganin waɗannan nau'o'i a ƙanƙanin ma'aunin da ake buƙata, kuma duk wani abu da ke shan haske a samfurin sai ya rufe su. Abin da ake so shi ne na'urar da ba ta ganin komai sai sinadarin asali guda ɗaya. ICP-MS ita ce ta fi kowace ƙarfi a nan. Rahoton farko a kanta ya fito a 1980 daga hannun Robert Houk da Velmer Fassel da Alan Gray da abokan aikinsu, aka fara sayar da ita a 1983. Tana fesa ruwan cikin filasma, wato harshen iskar argon mai zafin da ya kai digiri 6,000 zuwa 10,000, ta wargaza kowane molekul zuwa atam-atam, ta mayar da su ayon, sannan ta ƙirga waɗanda nauyinsu ya dace da lambar da ka zaɓa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe kafin ka taɓa maɓalli. Na'urar ba ta san sunan abin da ta ƙona ba. Kamar mai gadin ƙofa ne da aka ce ya ƙirga masu jar riga amma bai san fuskar kowa ba, sai lokacin da mutum ya wuce ne kawai zai nuna ko wane ne. Duk amincin sakamakonka ya rataya a kan abu biyu: nau'in bai canja ba tun daga ɗebo samfuri har shigarsa kolom, kuma kolom ɗin ya raba su da gaske ya fito da su duka. Kowane mataki da ke tafe hidimar waɗannan biyun yake yi.

Zaɓen na'urar ganewa

Ba kowane ɗakin gwaji ne ke da ICP-MS ba, kuma ba kowane aiki ne ke buƙatarta ba. Akwai HG-AFS, inda ake haɗa abin da ya fito daga kolom da asid haidrokulorik da sodiyam borohaidrad, arsenik ya koma iskar arsin, a auna hasken da atam ɗinsa ke mayarwa. Tana da arha kuma tana gani sosai, sai dai arsenobetain ba ya komawa iska sai an fara wargaza shi da hasken UV da fasalfet. ICP-OES, mai auna hasken da atam ke fitarwa a cikin filasma, tana jure gishiri da ƙazanta, amma ganinta bai kai ba idan ana maganar mikrogiram kaɗan a lita.  A ganina, wanda zai auna arsenik marar kabon a ruwa kawai, HG-AFS ta ishe shi. Wanda kuwa samfuransa suka bambanta, ko yake son ganin nau'in da bai yi tsammani ba, ya nemi ICP-MS. Da ita za mu ci gaba.

Mataki na 1: Kiyaye samfuri

A nan ne aiki ya fi lalacewa, tun kafin a kunna wata na'ura. As(III) yana komawa As(V) idan ya samu iska da haske, musamman a ruwan da ke da ƙarfe a narke. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito garau, bayan 'yan awoyi ƙarfen ya yi tsatsa ya kwanta, ya ja arsenik ya kwanta tare da shi. Ka tace ruwan nan take a wurin ɗebowa da matacin maikron 0.45, ka sa EDTA domin ta kama ƙarfen, ka cika kwalba mai duhu har baki don kada iska ta rage, ka ajiye a sanyin digiri 4. Wasu suna sa asid haidrokulorik. Yana kiyayewa, amma yana shigo da kulorin, kuma za ka ga wahalar kulorin nan gaba. Idan ruwan yana warin salfa, akwai yiwuwar nau'o'in arsenik masu salfa a ciki, waɗanda asid ke rusawa. Irin wannan daskarar da shi ake yi cikin gaggawa.

Busasshen samfuri kamar gari sai an jiƙo arsenik ɗin daga cikinsa. Kada ka narkar da shi da asid mai ƙarfi kamar yadda ake yi wajen auna jimilla, domin hakan yana iya sauya nau'o'in da kake son rarrabewa. Hanyar da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka take bi wajen shinkafa ita ce a zuba mililita 10 na asid naitirik mai ƙarfin mola 0.28 a kan giram 1 na gari, a dafa a digiri 95 na minti 90. Bayan ya huce a ƙara ruwa, a juya shi a na'urar sentirifij, a tace, a daidaita pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, ya kusanci na ruwan turawa, ruwan da ke tura samfuri ta cikin kolom. Wannan daidaitawar ba ado ba ce. Samfuri mai tsami da yawa yana sauya yanayin cikin kolom, sai ƙololuwa, wato tudun da kowane nau'i ke yi a zanen sakamako idan ya fito daga kolom, ta rabe biyu ko lokacin fitowa ya gusa.

Ko da wannan taka-tsantsan, As(III) da As(V) suna ɗan musanya a lokacin dafawa. Shi ya sa a abinci ake haɗa su a ba da rahoton arsenik marar kabon. Da yawa ma suna sa haidrojin feroksaid da gangan domin duk As(III) ya koma As(V), a samu ƙololuwa ɗaya mai kyau can nesa da sauran. Ina goyon bayan wannan dabarar a duk inda tambayar ba ta buƙaci a san kason kowane ɗaya ba.

Ka ware wani kaso na ainihin samfurin da wani na jiƙon, ka auna jimillar arsenik a kowanne ba tare da kolom ba. Ajiye lambobin nan biyu, za a neme su a ƙarshe.

Mataki na 2: Kolom da ruwan turawa

Zaɓen kolom yana bin cajin da kowane nau'i ke ɗauke da shi, cajin kuma yana bin pH. As(V) yana da pKa, wato matakin pH da nau'i ke sauya caji a kansa, wajen 2.2 da 7.0 da 11.5, DMA wajen 6.2, As(III) wajen 9.2. Ma'anar wannan ita ce a pH 6 As(III) ba shi da caji, kolom mai musayar ayon ba zai riƙe shi ba, zai fito da wuri tare da arsenobetain da duk wani abin da kolom bai kama ba. Wanda ya ga ƙololuwar farko ya kira ta As(III) a samfurin kifi ya ɗora wa kifin gubar da ba tasa ba. Idan ka ɗaga pH zuwa 8 da ɗan wani abu, As(III) zai fara ɗaukar caji kaɗan, ya ɗan yi jinkiri, ya rabu da arsenobetain.

Kolom ɗin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne Hamilton PRP-X100, mai tsawon milimita 250 da faɗin 4.1. Ayon masu cajin negatif yake riƙewa. An yi shi da folima, don haka yana jure pH mai yawa wanda zai cinye kolom ɗin silika. Ruwan turawa mai sauƙi shi ne amoniyam fosfet milimola 10 a pH 8.25, ana tura mililita 1 a minti. Tsarin fitowa shi ne arsenobetain, As(III), DMA, MMA, sannan As(V) a ƙarshe. Amoniyam kabonet ma yana aiki, ana fara shi da rauni a riƙa ƙara ƙarfinsa.

Ka lura duk gishirin da na ambata na amoniyam ne. Gishirin sodiyam da fotasiyam suna daskarewa a bakin mazuraran nan biyu da ayon ke bi su shiga injin, ramin ya riƙa tsukewa, alama ta riƙa raguwa sannu a hankali har yini ya ƙare. Ƙa'idar da aka saba ita ce narkakken gishiri kada ya wuce kashi 0.2 cikin 100. Sannan ka gwada gishirin kansa. Fosfet yakan zo da ɗan As(V) a cikinsa saboda kamanninsu, sai ka ga ƙasan zane ya ɗaga ba dalili. Sayi mafi tsarki, ka auna shi kafin ka amince.

Ƙara metanol kashi 1 zuwa 3 cikin 100 yana ƙara ƙarfin alamar arsenik da seleniyam, domin kabon yana taimaka musu su zama ayon a cikin filasma. Riba ce, amma da sharaɗi: yawan kabon ya zama daidai daga farkon gudu zuwa ƙarshe. Idan ya canja a tsakiya, ganin na'urar ma ya canja.

Mataki na 3: Haɗa bututu

Wannan ba shi da wuya. Ka ɗauki siririn bututun roba na PEEK, faɗin cikinsa milimita 0.13 zuwa 0.25, ka haɗa bakin kolom kai tsaye da mafesa, wato abin da ke fesa ruwan zuwa filasmar ICP-MS. Ka gajarta shi iyakar yadda tebur ya bari, domin kowane ƙarin sarari yana baje ƙololuwa. Ka tabbata mafesar an yi ta ne don irin gudun da famfo ke kawowa, kuma ruwan da ya taru a ɗakin feshi yana tsiyayewa ba tangarɗa. Sai waya ko umarnin kwamfuta da zai sa ICP-MS ta fara ƙirga daidai lokacin da aka allura samfuri. Idan da hannu kake dannawa, lokacin fitowa ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, alhali shi ne kaɗai shaidarka.

Yana da kyau a sa mahaɗa mai baki uku bayan kolom, a riƙa shigo da wani sinadari da babu shi a samfuri, kamar jamaniyam ko rodiyam, ba yankewa. Alamarsa ta zama miƙaƙƙen layi. Duk inda ta lotsa, ka san wani abu daga samfuri ya danne filasma a daidai wannan lokacin.

Mataki na 4: Saita filasma da kawar da masu shigar burtu

Kunna mazuƙar iska ta sama tukuna, sannan filasma. Wutar rediyo takan kasance wat 1,300 zuwa 1,600, argon na filasma wajen lita 15 a minti, na mafesa wajen lita 1. Bar ta ta yi ɗumi rabin awa, ruwan turawa yana bi ta cikinta, kuma ka yi saitin da ruwan arsenik da aka haɗa cikin ruwan turawar kansa. Saitin da aka yi da asid naitirik tsantsa ba lallai ya dace da yanayin da za ka yi aiki a ciki ba.

Arsenik yana da aisotof ɗaya tak, mai nauyi 75. Ba shi da na biyu da za ka tabbatar da shi. Argon mai nauyi 40 kuma idan ya haɗu da kulorin mai nauyi 35 sai su ba da 75 cif. Fitsari, ruwan teku, da duk samfurin da ke da gishiri za su haifar da ƙololuwar ƙarya a lokacin da kulorin ya fito daga kolom. Gwajin yana da sauƙi: ka allura ruwan gishiri marar arsenik, ka ga inda zai ɓullo. Ka kuma sa ido a lamba 77, inda argon da kulorin 37 ke haɗuwa. Idan 75 da 77 suka tashi tare, na farko ya kusa ninka na biyu sau uku, kulorin ne.

Magani biyu ne. Na farko a sa iskar hiliyam a ɗakin karo na injin, inda ayon ke karo da iskar kafin a ƙirga su. Haɗin argon da kulorin ya fi atam ɗin arsenik girma, ya fi yawan karo, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya wuce. Na biyu a sa oksijin, arsenik ya kama atam ɗaya ya koma 91, a auna shi can inda kulorin bai kai ba. Wannan hanya ta fi tsabta a injin mai matacin nauyi biyu, irin wanda Agilent ta fito da shi a 2012, domin matacin farko yana hana komai shiga sai 75. Ita ce kuma ke maganin niyodimiyam da samariyam masu nauyi 150, waɗanda idan suka ɗauki caji biyu sai su bayyana a 75, kuma hiliyam ba ya kawar da su.

Sauran sinadarai kowanne da nasa maƙiyi. Kuromiyam 52 yana fama da argon da kabon, seleniyam 80 da argon biyu a haɗe, inda ake amfani da haidrojin. Salfa da fosfaras ana gusa su da oksijin zuwa 48 da 47, kuma da wannan ne ake auna furotin da magunguna ta hanyar salfar da ke jikinsu.

Saita lokacin ƙirga yadda kowace ƙololuwa za ta samu ɗigo 15 zuwa 20 ko fiye. Kada ka jera lambobi goma don kawai injin zai iya.

Idan aikinka ya tilasta kolom ɗin C18, mai riƙe abubuwa masu maiƙo, da metanol ko asetonaitiril mai yawa, kamar wajen arsenik ɗin da ke narke a man kifi, lissafi ya canja. Tururin yana iya kashe filasma, baƙin kabon kuma ya toshe mazurari. Sai a sanyaya ɗakin feshi zuwa kusa da sifili ko ƙasa, a sa tocila mai siririn bututun ciki na milimita 1 zuwa 1.5, a ƙara oksijin kaɗan a cikin argon don ya ƙone kabon, a kuma canja mazuraran nikel da na filatinam, domin oksijin yana cin nikel. Metanol ya fi asetonaitiril sauƙin ɗauka ga filasma.

Mataki na 5: Ruwan ma'auni

Allura kowane nau'i shi kaɗai da farko, ka rubuta lokacin fitowarsa, ka kuma duba tsarkinsa. Ruwan As(III) da ya kwana biyu yakan nuna ƙaramar ƙololuwar As(V). Bayan haka ka haɗa su a matakai biyar ko shida, misali daga 0.1 zuwa 20 mikrogiram a lita, ka haɗa sabo a ranar aiki. Tabbatar ƙarfin da ke jikin kwalba na arsenik ne ko na dukan molekul ɗin, domin wannan kuskure yana iya karkatar da lamba ninki biyu ko fiye.

Tunda filasma tana wargaza komai, mikrogiram ɗaya na arsenik ya kamata ya ba da faɗin ƙololuwa kusan ɗaya ko daga wane nau'i ya fito. Wannan babbar kyauta ce. Da ita za ka iya ƙiyasta yawan nau'in da ba ka da ma'auninsa, ta amfani da na maƙwabcinsa. Ita ce kuma madubin lafiyar aikinka: idan gangaren layin ma'aunin DMA ya yi nisa da na As(V) alhali ruwan turawa bai canja ba, ko dai wani ma'auni ya lalace, ko kolom yana cin wani abu.

Waɗannan sinadarai guba ne na gaske. Safar hannu da tabarau, auna garinsu cikin akwatin zuƙe iska, kuma duk ruwan da ya fito a tara shi a matsayin sharar arsenik.

Mataki na 6: Jerin gudu

Fara da ruwan wofi, sai ma'aunai, sai wofin da ya bi duk matakan jiƙo, sai samfurin da aka riga aka tantance yawan abin da ke cikinsa. Garin shinkafa na NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, mai lamba 1568b da fitsarin NIST mai lamba 2669 an yi su ne don irin wannan. Bayan kowane samfuri goma ka maimaita ma'auni ɗaya na tsakiya. A kowane sabon irin samfuri, ka ƙara sanannen adadi na kowane nau'i ka sake allurawa. Ƙololuwar da kake zargi ta ƙaru ba tare da ta yi kafaɗa ko ta rabe ba, kuma abin da ka zuba ya dawo.

Mataki na 7: Haɗa lissafi

Yanzu ɗauko lambobin nan biyu da ka ajiye. A ce jimillar samfuri ta ba da mikrogiram 200 a kilo, jiƙo ya ba da 180, ƙololuwa duka da aka haɗa suka ba da 170. Jiƙo ya ciro kashi 90 cikin 100, kolom ya fito da kusan kashi 94 na abin da aka ba shi. Wannan sakamako ne da mutum zai sa hannu a kai. Amma idan ƙololuwa suka tsaya a 110, to akwai mikrogiram 70 da suka shiga kolom ba su fito ba, kuma ba ka da hujjar cewa marasa guba ne. Zane mai kyau ba ya nuna abin da ya maƙale. Sai ka tsawaita gudu, ka ƙara ƙarfin ruwan turawa a ƙarshe, ko ka cire kolom ka allura kai tsaye don kwatantawa. Rahoton da bai faɗi waɗannan kaso biyu ba, ni ba na ɗaukarsa cikakke.

Ƙololuwar da ta fito a lokacin da bai dace da kowane ma'auni ba, ka rubuta ta a matsayin nau'in da ba a tantance ba, tare da lokacinta da ƙiyasin yawanta. Kada ka laƙaba mata suna don ta yi kusa da wata. Ko wadda ta dace ma, idan hukunci mai nauyi zai biyo baya, ka sake gudu da kolom mai musayar ayon masu caji na kishiya, inda tsarin fitowa yake juyawa, arsenobetain ya samu riƙo. Idan ana son ainihin sunan baƙon nau'i, sai a raba ruwan da ke fitowa daga kolom gida biyu, rabi ya tafi ICP-MS ya nuna inda arsenik yake, rabi ya tafi ESI-MS wadda ba ta wargaza molekul, ta ba da nauyinsa.

Kafin ka kashe injin, wanke kolom da ruwa mai tsarki har gishiri ya fita, cire bututunsa daga mafesa, sannan ka bi da asid naitirik kashi 2 cikin 100 ta mafesa na 'yan mintoci, ka ƙarasa da ruwa. Asid ɗin na mafesa da ɗakin feshi ne kawai, kada ya bi ta kolom. Ka duba bakin mazurari da tabaran ƙara girma kafin aikin gobe, idan ka ga farin gishiri ya fara taruwa, ka cire su ka wanke.